Injin Jera Kiret da Warware Shi: Amsa Ga Mai Masana'antar Yogot a Sakkwato

Tambayar da wani Alhaji ya aiko ita ce: "Ina da masana'antar yogot da lemon roba a nan Sakkwato. Muna fitar da kiret kamar 2,400 a yini, aikin awa 8, kowane kiret roba 24. Yara 12 ne ke jerawa, su warware fankon da ya dawo, su loda mota. Na ga bidiyon wani inji a Facebook yana jera kiret shi kaɗai ba hannun mutum. Yaya yake aiki? Zai yi a garinmu? Me zan lura da shi kafin in tura kuɗi?"

Wa alaikumus salam Alhaji, ranka ya daɗe. Haɗa injinan masana'anta da gyaransu shi ne sana'ata, na yi ta a Kano da Legas kafin in dawo gida, kuma irin wannan injin na kafa shi, na kuma kwana a gindinsa ranar da ya ƙi tashi. Zai yi a Sakkwato. Amma idan ka bi ta tawa, ba injin ne farkon abin da za ka saya ba. Kiret ɗinka za ka fara gyarawa, sannan daɓen sito, sannan wuta da matsattsiyar iskar da ke tura injin. Injin shi ne na ƙarshe a layi.

Mu fara da nauyin da yaranka ke ɗauka, don shi ne dalilin da ya sa nake ganin tunaninka yana kan hanya. Idan robar ta rabin lita ce, roba 24 sun ba da lita 12, ka haɗa da nauyin robar da na kiret ɗin kansa, ka ce kilo 15. Kiret 2,400 sau kilo 15 ya tashi tan 36. Kuma ba sau ɗaya ake taɓa kiret ba: a ɗauke shi daga bel a jera, a kai ɗakin sanyi, a fito da shi a loda. Ɗagawa uku ke nan, abin ya haura tan 100 a yini a kan ƙugun mutum 12. Hukumar da ke binciken lafiyar ma'aikata a Amurka, NIOSH, ta sa kilo 23 a matsayin iyakar abin da ya kamata mutum ya ɗaga, kuma wannan idan kayan na daf da jikinsa ne, ba sunkuyo, ba murɗa ƙugu, ba yawan maimaitawa. Da zarar an ce sau ɗaruruwa a yini, daga ƙasa zuwa saman kai, iyakar tana faɗuwa ƙasa sosai. Kiret ɗinka bai kai kilo 23 ba, amma maimaicin ne ke cin baya. Duk wanda ya zauna da tsofaffin 'yan dako da suka yi shekaru suna saɓar buhun siminti ko na shinkafa mai kilo 50 ya san yadda tafiyarsu take komawa.

To yaya injin yake aiki? Abin da ake kira injin jera kaya ba iri ɗaya ba ne, kuma masu sayarwa sukan cakuɗa su a talla. Wanda ya fi kusa da buƙatarka shi ne mafi sauƙinsu, mai gina tsibi ɗaya na kiret, wani kan wani. Yawancin irinsa daga ƙasa yake ginawa, saɓanin yadda mutum yake yi. Kiret ya taho a kan bel ko a kan rola, ya daki wani matsayi ya tsaya. Wani ɗan ido mai aiki da haske, wanda muke kira sensa, ya gan shi ya sanar da ƙwaƙwalwar injin. Sai silinda, wato bututun ƙarfe mai sanda a ciki da matsattsiyar iska ke turawa, ta tura wani faranti daga ƙasa ya ɗaga kiret ɗin sama. A gefe biyu akwai harsunan ƙarfe da ke kaucewa idan kiret na hawa, da ya wuce su sai su dawo su tallabe shi ta ƙarƙashin leɓensa. Faranti ya sauka, na biyu ya shigo, a ɗaga shi ya shige gindin na farko, harsuna su tallabi biyun. Haka har adadin da ka saita ya cika, biyar ko shida, sai a sauke tsibin gaba ɗaya a kan bel ya wuce. Mai warwarewa kuma akasin haka yake yi: tsibin fanko ya shigo, hannuwa biyu su damƙi na biyu daga ƙasa su ɗaga duk abin da ke sama, na ƙasan ya zame ya tafi wurin wanki, a sauke sauran a sake.

Ka lura da abin da duk wannan aiki ya rataya a kansa. Leɓen kiret ne, wanda faɗinsa bai wuce ɗan yatsa ba. Zan dawo kansa.

Iri na biyu shi ne mai jera kaya a kan falet, wato katakon nan mai ƙafafu da fokilif, motar ɗaga kaya, ke zura ƙahoninsa a ciki. Wannan tsohon inji ne, wani kamfanin Amurka mai suna Lamson ne ya kafa na farko a 1948. Yana tara kaya sahu-sahu har su cika shimfiɗa guda a kan wani farantin ƙarfe, sai farantin ya zame daga ƙarƙashinsu su zauna a kan falet, falet ya sauka da tsayin shimfiɗa ɗaya, a fara ta gaba. Yana da sauri ƙwarai, amma yana cin wuri, kuma ba ya son a riƙa canza masa kaya. Na uku shi ne wanda nake zaton ka gani a bidiyo, hannun ƙarfe mai lanƙwasa, wato robot. Ya shigo wannan aiki a farkon shekarun 1980, kuma manyan masu ƙera shi su ne irin su FANUC da Yaskawa na Japan, da ABB, da KUKA na Jamus, ga kamfanonin Sin da yawa yanzu. Na jera kaya yawanci gaɓa huɗu gare shi, kuma abin da ke bakinsa ake canzawa: yatsun ƙarfe don buhu, kofunan tsotso don kwali, matsewa ta gefe don kiret. Kyawunsa shi ne yana iya yi wa layi biyu ko uku hidima a lokaci guda, kuma idan ka canza kaya, tsarin da ke cikin ƙwaƙwalwarsa kawai za a canza.

Yanzu ka raba 2,400 da awa 8. Kiret 300 ne a awa, biyar a minti, ɗaya kowane daƙiƙa 12. Wannan tafiyar hawainiya ce a wurin robot. Akwai na kamfanin ABB, IRB 460, da ake ƙiyasta masa zuwa da dawowa sama da 2,000 a awa. Idan ka sayi irin wannan don kiret biyar a minti, ka sayi tirela ne don kai buhu goma kasuwa. Mai gina tsibi ɗaya, mai aiki da iska, zai ɗauki aikinka har da rara, kuma duk abin da ke jikinsa, silinda da bawul (mai buɗe hanyar iska da rufe ta) da sensa da sarƙa, abubuwa ne da makanikin masana'anta zai gane da ido. Shawarata ta tsaya a kansa: mai jerawa ɗaya a ƙarshen layin cikawa, mai warwarewa ɗaya a bakin injin wanki. Amma ka auna saurin da layinka ke yi a lokacin da ya fi gudu, ba matsakaicin yini ba, don injin cikawa yakan tsaya ya tashi, kuma idan ya tashi kaya a jere suke tahowa. Ka bar bel mai ɗan tsawo tsakaninsu da zai riƙe kiret goma ko sha biyar, don kada tsayuwar ɗaya ta tsayar da ɗayan.

Mu koma kan kiret, don a nan yawancin waɗanda na sani suka yi asara. Hannun mutum yana da ido da hankali. Yaro ya ɗauki kiret mai karyayyen kunne, ya ɗan juya shi, ya danna, ya zauna. Inji ba ya haka. An saita shi a kan tsawo da faɗi da tsayi guda, da ɗan sassauci na milimita kaɗan, duk abin da ya fita daga nan sai ya maƙale ko ya zube. Na taɓa zuwa wata masana'anta da aka kira ni a kan cewa sabon injinsu ba shi da kyau, yana tsayawa sau da yawa a awa. Na duba wuta, na duba iska, na duba sensa, komai lafiya. Sai na sa aka kwaso min fankon da ya dawo daga dillalai na baje a ƙasa na ɗauki tef ina aunawa. Launi ɗaya, tambari ɗaya, amma ƙira uku ne daban, don an saye su a wurare uku cikin shekaru daban-daban. Wani leɓensa ya fi kauri, wani ya fi tsayi da kaɗan, wasu kuma rana ta gasa su sun bauɗe. Injin bai yi laifin komai ba. Sai da aka ware kusan kashi ɗaya cikin uku aka mayar da su aikin hannu kafin layin ya daidaita, kuma kuɗin sayen sababbi ba ya cikin lissafin mai wurin tun farko.

A Sakkwato wannan matsala ta fi tsanani saboda rana. Kiret ɗin da ya yi wata biyu a waje a bakin shagon dillali a bazara, robarsa takan bushe ta yi gautsi, gindinsa ya lotsa. Ga masu mayar da shi kujera, ga masu ɗaure tsagaggen da waya. Wayar nan ita ce ke shiga sarƙa. Don haka kafin ka yi magana da kowane mai sayar da inji, ka zaɓi ƙira ɗaya daga masana'antar roba ɗaya, ka nemi wadda aka zuba wa maganin rana, ka sa doka cewa fanko ba ya shiga layi sai an duba shi. Idan da hali ka ɗauki ma'aunin santimita 60 da 40, don shi ne aka gina falet a kansa: falet mai santimita 120 da 100 yana ɗaukar guda biyar a shimfiɗa ba gibi, na Turai mai 120 da 80 yana ɗaukar huɗu.

Wannan darasi ba daga ƙananan masana'antu ya faro ba. Kwantenar da muke gani a bayan tirela tana shigowa gari daga Legas, wani Ba'amurke mai harkar motocin dakon kaya, Malcom McLean, shi ya fara loda guda 58 a jirgin Ideal X a watan Afrilun 1956, daga Newark zuwa Houston. Amma abin bai zama ruwan dare ba sai da duniya ta amince da ma'auni guda a ƙarshen shekarun 1960: faɗi ƙafa 8, tsawo ƙafa 20 ko 40, da ƙarfen kusurwa mai rami iri ɗaya a kowace kwana, inda ƙugiya ke kamawa. Sai a 1993 aka buɗe tashar farko mai ƙugiyoyin jera kwantena da motocin da ba direba, a Rotterdam ta ƙasar Holan. Ka ga ma'auni ya riga injin da shekara ashirin da wani abu. Ƙugiyar da ke ɗaga kwantena a tashar Lekki da wadda ke tashar tsandauri ta Kaduna ko ta Dala a Kano, ramukan nan huɗu na sama suke nema. Leɓen kiret ɗinka shi ne ramin kusurwarka.

Sai daɓe. Tsibin kiret shida mai cike nauyinsa ya kai kilo 90, tsayinsa ya kusa kai na mutum. Idan ya fito daga inji, da me za ka ɗauke shi? Idan yara ne za su sake warware shi su kai ɗakin sanyi ɗaya-ɗaya, to ba ka rage komai ba, wurin wahalar kawai ka matsar. Kana buƙatar amalanken ƙarfe mai ƙananan tayoyi da ke shiga ƙarƙashin tsibi, ko jak ɗin ɗaga falet na hannu, kuma dukansu ba sa tafiya a kan daɓe mai rami da tudu. Dokin ƙofar ɗakin sanyi ma sai an sassabe shi an yi gangare. A inda ake wanki da zubar madara kuma, daɓen ya zama mai kurɓar da ruwa zuwa magudana, don tsamin yogot yana cin siminti a hankali.

Ga kuma abin da masu talla ba sa faɗa: a ƙasarmu amfanin falet yakan ƙare ne a bakin mota. Dillalinka na Illela ko Tambuwal ko Gwadabawa ba shi da fokilif, kuma motar da ke kai masa kaya ƙaramar bas ce ko Keke Napep. Lodi da sauke kaya a can da hannu za a ci gaba da yi. Dalili ke nan da ban ba ka shawarar babban injin falet ba tukuna. Yana biyan kuɗinsa ne idan akwai fokilif a inda kaya suka tashi da inda za su sauka, kamar tsakanin masana'anta da babban siton kamfani. Idan wata rana ka kai nan, ka riƙe wannan: kiret a kan juna ake jera shi sak, don gindin kowane yana shiga bakin na ƙasa ya kulle. Buhu kuwa ana sarƙa shi kamar ginin bulo. Kwali yana tsakiya, don ƙarfinsa a kusurwoyinsa yake, idan ka sarƙa shi ya fi zama daram amma yana rasa ƙarfin ɗaukar nauyi, sai na ƙasa ya lotse.

Yanzu yanayin garinmu, wanda duk takardar da za a turo maka daga waje ba ta san da shi ba. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40 a inuwa, a ƙarƙashin rufin kwano kuwa ya fi haka. Yawancin robot na masana'anta an rubuta musu iyakar digiri 45, kuma na'urar da ke sarrafa gudun moto, inbata, da yawa daga cikinsu suna fara rage ƙarfi daga digiri 40 zuwa 50. Akwatin da suke ciki kuma shi kansa yana haifar da zafi. Kuskuren da nake gani kullum shi ne a buɗe ƙofar akwatin a kafa masa fanka. Ranar zai yi aiki, amma idan hunturu ya zo, ƙura ta shiga ta kwanta a kan allunan lantarki, damina ta zo da laima ta jiƙa ƙurar, sai allo ya ƙone. Ka nemi akwati rufaffe, aƙalla mai lambar IP54, wato lambar da ke nuna yadda yake tare ƙura da ruwa, da na'urar sanyaya shi a jiki, a kuma kafa shi nesa da bangon yamma. Inda ake fesa ruwa, sensa da mahaɗan waya su zama IP65 ko sama.

Ƙurar hunturu kuma tana makantar da sensa. Ido ne mai gilashi, idan ya yi hazo sai ya ga kiret inda babu, ko ya kasa ganin wanda ke gabansa. Maganinsa ƙyalle mai laushi kowace safiya, aikin minti biyar, amma sai an ɗora wa mutum ɗaya da sunansa. A wurinka akwai ƙari: duk sensar da ke kusa da ƙofar ɗakin sanyi za ta riƙa yin gumi idan iska mai sanyi ta haɗu da mai zafi, don haka a ja ta baya. Kada kuma a cika wa sarƙa giris lokacin ƙura, don giris da yashi idan suka haɗu sun zama dutsen wasa wuƙa.

Iska ita ce jinin wannan inji. Yana son matsin bar 6 wanda ba ya hawa da sauka, kuma busasshiya. Kwamfuresa, wato injin da ke matsa iskar, tana matse ruwan da ke cikin iska, musamman a watan Agusta, idan ba a sa mata na'urar busarwa ba kuma ba a zubar da ruwan tanki kullum, ruwan zai bi bututu ya shiga bawul. Alamar farko ita ce silinda ta fara jinkiri, harsuna su makara wurin tallabar kiret, tsibi ya karkace. Mutane su yi ta zargin ƙwaƙwalwa alhali ruwa ne. Idan kwamfuresar da ke hura maka roba ita ce za ta ba wannan injin iska, ka sa masa tankinsa daban.

Wuta kuwa ka fi ni sanin halinta. Injin yana son layi uku, bolt 400 zuwa 415. Abin da ke kashe shi ba ɗaukewar wuta ba ce kawai, faɗuwar layi ɗaya ne cikin uku, moto ya ci gaba da jan biyu har ya ƙone. Akwai kuma juyewar layi idan an koma janareto, bel ya tashi da baya. Ƙaramar na'urar da ke lura da layukan nan ta yanke wuta ba ta da tsada, kada a kunna injin ba ita. Ƙwaƙwalwar, wadda muke kira PLC, a ba ta batirin ajiya na UPS don ta riƙe ƙidayarta a ɗan tsakanin nan kafin janareto ya ɗauka. Ka tambayi mai sayarwa kai tsaye: idan wuta ta ɗauke kiret yana sama, me zai faru? Amsar da ta dace ita ce ya tsaya cak inda yake, kuma ba zai motsa ba idan wuta ta dawo sai mutum ya danna. Wayar ƙasa ma a yi ta da gaske a auna ta, don ƙasarmu yashi ce busasshiya, sandar da aka kafa sama-sama ba ta ɗaukar komai a rani.

Akwai maganar da ba na sassautawa a kanta, ita ce tsaron rai. Silindar da ke ɗaga kilo 90 ba ta san bambancin kiret da hannu ba. Dole injin ya kasance cikin keji, ƙofarsa da makullin da ke tsayar da shi idan an buɗe, mashigar kaya da labulen haske, wato jerin sensa da ke tsayar da injin idan mutum ya ratsa, da jan maɓallin tsayarwa a inda hannu zai kai. Na san wurin da ma'aikata suka gaji da buɗe ƙofa duk lokacin da kiret ya maƙale, suka naɗe makullin da salatif don injin ya ɗauka a rufe take. Wani yaro ya zura hannu ya zaro kiret, yana zarowa sensa ta ga hanya ta buɗe, faranti ya tashi. Allah ya kiyaye ransa, amma hannun bai koma daidai ba har yau, kuma abin yana damuna duk lokacin da na tuna, don ranar da aka kafa injin an faɗa. Ka sani ko an kashe wuta, iskar da ke cikin silinda tana nan da ƙarfinta. Mai gyara ya kashe wuta, ya sace iskar, ya sa kwaɗonsa a kan makunnin, ya jefa mabuɗin a aljihunsa, sannan ya shiga. Kuma ka lura, abin da ya kai su ga naɗe makulli tun farko shi ne kiret mai yawan maƙalewa.

Wurin ciniki, araha ba ta ado, amma tsada ma ba ita ce shaida ba. Ka aika wa mai ƙerawa kiret ɗinka na gaske, sabo da tsoho, ya gwada injin da su, ka gani a bidiyo kai tsaye yana aiki na tsawon lokaci ba yankakken minti ɗaya ba. A rubuta a yarjejeniya cewa za a ba ka zanen wayoyi da na bututun iska cikin Ingilishi, da kwafin tsarin da ke cikin PLC, da kalmar sirrinsa. Wannan ta ƙarshen mutane ke mantawa, sai ranar da allo ya mutu su tarar sabon allo ba ya aiki ba tsarin, mai tsarin kuma yana wata ƙasa ba ya ɗaga waya. Ka nemi kayan cikinsa su zama na kamfanonin da ake samu a Kano da Legas, irin su Siemens ko Mitsubishi ko Delta a ɓangaren ƙwaƙwalwa, Festo ko SMC ko Airtac a ɓangaren iska. Ka sayi kayan canji tare da injin: sensa, bawul, robobin silinda, sarƙa, fis. Tsakaninmu da Legas kimanin kilomita 1,000 ne, kuma yogot ba ya jiran mota. Takardun shigo da kaya, Form M da SONCAP, a kammala su kafin kaya su bar can. Kason ƙarshe na kuɗi kuma kada ya fita sai injin ya yi aiki a daɓenka, da wutarka, da kiret ɗinka.

Mutumin da zai riƙe shi ka nemo shi tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai yaranmu da suka karanta lantarki da kanikanci a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna neman inda za su sa hannu. Ka ɗauki ɗaya ya tsaya tare da masu kafawa daga kwance akwati har kunnawa, ya ga inda kowace waya ta bi.

Yaranka 12 kuma, na san suna ranka ko da ba ka faɗa ba, don a garin nan ma'aikacinka ɗan maƙwabcinka ne ko ɗan wanda kuke sahu ɗaya a masallaci. Gaskiya ita ce injin zai ɗauke aikin wasunsu, waɗanda ke tsaye a ƙarshen bel da masu warware fanko. Ba zai ɗauke lodin mota ba, kuma zai buɗe wasu guraben: mai kula da injin a kowane zubi, mai tantance fanko kafin ya hau layi, masu tura tsibi zuwa ɗakin sanyi. Idan lissafinka duka a kan albashin da za ka daina biya ne, ina jin ba zai fitar da kai da wuri ba, don ladan lebura a nan bai kai na ƙasashen da aka ƙera injin dominsu ba, ga dizal ga kayan canji da ake saye da dala. Inda riba take shi ne robar da ba ta faɗi ta fashe ba, yogot ɗin da ya shiga sanyi da wuri, layin da bai tsaya ba don mutum ya gaji da azahar ko a watan azumi, da damar ƙara zubi na biyu. Ka zauna da su kafin injin ya iso ka gaya musu inda kowa zai koma. Wanda ya ji injin ya zo korarsa ba zai goge masa sensa ba.

Abin da nake so ka yi a wannan makon ba ya cin ko kwabo. Ka sa a ɗebo fanko 50 daga cikin waɗanda suka dawo, ba zaɓe, a auna tsawo da faɗi da tsayi da kaurin leɓen kowane a rubuta, a ware masu tsaga da masu bauɗiya a ƙirga. Ka sa wani ya tsaya da agogo a ƙarshen layi ya ƙirga kiret nawa ke fitowa a minti lokacin da injin cikawa ya fi gudu, kwana uku a jere. Ka rataya ma'aunin zafi a daidai inda kake son kafa injin, a karanta shi da ƙarfe uku na rana. Ka auna faɗin ƙofar ɗakin sanyi da tsayin rufi. Idan ka turo min waɗannan, zan gaya maka ko tsibin biyar ya dace da kai ko na shida, da kiret nawa za ka canza kafin ka nemi farashi.